Satumba, Oktoba ko Nuwamba: wane wata ya fi dacewa da zuwa sari Guwanzu?

Autan Kasuwa (Garwa): Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema. Takalma da jakunkunan mata nake sayarwa a babbar kasuwar Garwa, kuma tun da na fara a hannun mutanen Duwala nake sara. Bana Allah ya hore ɗan abin da zan iya zuwa Guwanzu, a ƙasar Sin, da ƙafata. Fasfo yana hannu. Watan tafiyar ne ya ɗaure min kai. Wani ya ce Satumba don masauki da araha, wani ya ce Oktoba don babban baje kolin kayan masana'antu da ake yi a garin, wani ya ce in bari sai Nuwamba zafi ya sauka. Jarin ba shi da yawa, ko rabin kwantena ba zan cika ba, haɗaka zan yi da mutane. Duk sefar da ta tafi a kuɗin ɗaki, takalmi ne ya ragu a shago. Waɗanda suka san hanya ku taimaka.

Alhajin Kwantena (Njamena): Wa alaikumus salam. Auta, fara cire Oktoba daga lissafi, sai mu yi magana a kan sauran biyun. Daga 1 zuwa 7 ga wata hutun ƙasa suke yi, masana'antu a rufe, shaguna da yawa a kasuwannin sari ma a rufe, jiragen ƙasa cike da mutanensu masu zuwa ganin gida. Ka biya ɗaki mako guda kana kallon ƙofofi. Suna buɗewa, ranar 15 baje kolin Canton ya fara, bai ƙarewa sai 4 ga Nuwamba. A wannan tsakanin ɗakin da ka sani kuɗinsa yakan ninka, wani wurin har ya wuce haka. Mako ɗaya tak ya rage maka a tsakiya, shi ma 'yan baje koli sun fara sauka.

Hajiya Mai Leshi (Marwa): Wannan kam gaskiya ne. Ni da Alhaji ba mu cika haɗuwa a magana ba, amma a kan Oktoba bakinmu ɗaya.

Autan Kasuwa (Garwa): To Alhaji, baje kolin fa? An ce duk mai son ganin sabon yayi can yake zuwa.

Alhajin Kwantena (Njamena): Gani kam za ka gani har idonka ya gaji. Tun 1957 ake yin sa, sau biyu a shekara, kuma filin Pazhou ba a gama zaga shi a yini. Amma su waye a rumfunan? Masu masana'anta ne. Ka ɗauki takalmi ka ce kana son dozin biyar, sai ya yi maka murmushi ya miƙo kati. Shi mai kwantena yake jira, launi ɗaya ɗaruruwa. Kai kayanka suna kasuwannin sari: takalma a wajen titin Zhanxi kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, jakunkuna a Sanyuanli. Waɗannan ba ruwansu da baje koli, kullum suna nan. Ni dai Nuwamba nake ba ka shawara, daga 5 ga wata zuwa sama. Baƙi sun watse, masu otal sun sauko, garin ya yi daɗi, rana ba ta wuce digiri 24 ko 25, dare da ɗan sanyi. Za ka yi yawon kasuwa daga safe har yamma ba ka jigata ba.

Hajiya Mai Leshi (Marwa): To a nan muka rabu. Alhaji yana lissafin daɗin jikinsa, ni ina lissafin ranar da kaya za su shigo shago. Ƙanena, ɗauki biro. Ka sayi kaya tsakiyar Nuwamba. Haɗaka za ka yi, ke nan sai kwantena ta cika kafin a rufe ta, ka ce ƙarshen wata. Jirgin ruwa daga can zuwa Duwala ko Kiribi wata ɗaya da rabi ne zuwa biyu in komai ya tafi daidai. Mun shiga tsakiyar Janairu ko ƙarshensa. Sai duwan, wato kwastan, sai a sauke, sai a raba kayan kowa, sai mota zuwa arewa. Fabrairu ke nan. Azumi yanzu a Fabrairu yake kamawa. Ka ga kayanka sun iso a ƙurarren lokaci, kuma in aka samu jinkirin mako uku a tashar ruwa, wanda ba sabon abu ba ne, sai ka ga takalman Sallah sun iso ana saura kwana kaɗan, mata sun riga sun saya a wurin maƙwabcinka.

Wanda ya tafi Satumba kuwa, kayansa suna shago ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba. Lokacin an cire gyaɗa, masara ta shiga rumbu, kuɗin auduga ya fara sauka hannun manoma, ga bukukuwan aure da ake tururuwar yi kafin azumi, ga Kirsimeti da sabuwar shekara, ku kuwa a Garwa kuna da masu sayen wannan lokacin da yawa. Ka sayar, ka juya kuɗin, ka aika a ƙaro maka na Sallah ta waya tunda ka riga ka san masu shagunan. Ciniki biyu a tafiya ɗaya. Na Nuwamba ciniki ɗaya ne, shi ma da zullumi.

Malamin Lekol (Kusiri): Hajiya ta zo da allo da alli yau.

Alhajin Kwantena (Njamena): Hajiya, lissafinki a takarda ba shi da aibu. Amma faɗa masa yadda Satumba take a can. Zafin ba irin namu ba ne da za ka shiga inuwa ka huta. Digiri 32 ne kawai, amma da laima, irin na Duwala, riga tana manne a jiki tun ƙarfe tara na safe. Wannan ma mai sauƙi ne. Satumba watan guguwar teku ce a wannan yankin. A 2018 Mangkhut ta sauka tsakiyar wata. A 2025 Ragasa ta zo wajen 24 ga wata, aka rufe makarantu da masana'antu da kasuwanni a garuruwan Guangdong, lardin da Guwanzu take ciki, aka soke ɗaruruwan jirage. In ta zo tashoshin ruwa ma tsayawa suke, jiragen da aka tsara su yi lodi su koma layi. Mutumin da ya ƙirga kuɗin ɗakinsa na kwana goma daidai, a ce masa ya ƙara uku, daga ina?

Hajiya Mai Leshi (Marwa): Guguwa kwana biyu ce ko uku, Alhaji, kuma ba kowace shekara take dukan Guwanzu kai tsaye ba. Rasa kasuwar Disamba kuwa tabbas ne ga wanda ya tafi Nuwamba. Wanne ya fi tsada? Zancen zafi kuma, mutumin da ya sha Afrilun Garwa za a tsorata da digiri 32?

Autan Kasuwa (Garwa): Hajiya kin gama da ni. Amma akwai abin da ban faɗa ba. Satumba a wurinmu watan komawa lekol ne. Ƙannena uku ni ke biya musu, ga littattafai ga yunifom. Kuma masu bashina mata ne, duk wadda na je wurinta a Satumba amsa ɗaya ce, a bari a gama da kuɗin makaranta. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jarin yana waje, ba ya dawowa sai an fara kaka.

Alhajin Kwantena (Njamena): To kin ji. Ya tafi da wuri da ƙaramin jari, ko ya jira ya tafi da cikakke. Kuɗin jirgi da biza ɗaya ne ko katon goma ka sayo ko talatin. In jarin ya ragu, kuɗin hanya ne zai hau kan kowane takalmi, har ya tarar bai fi sarin Duwala araha ba.

Direban Tirela (Ngaundere): Ku bar ni in sa baki a ɓangaren da na sani, wato ƙasa. Kuna ta maganar sama da teku. Auta, ta ina za ka tashi? In ta Duwala ne, mota zuwa nan Ngaundere, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, sannan bas. A Satumba ruwa bai ɗauke ba a nan Adamawa, mu sai ƙarshen Oktoba, kudu kuwa lokacin ma yake zuba sosai. Gangaren Falez da ke tsakanin Garwa da nan, da ruwa, in tirela ɗaya ta kwanta, kowa ya kwana. In kuma ta Njamena za ka bi, to hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kusiri, kilomita wajen 200, kowa a nan ya san halinta da damina. Ba na ce kada ka bi ba. Na ce ka bar gida da ratar kwana biyu tsakaninka da jirgi. A Nuwamba ƙasa ta bushe, sai ƙura.

Malamin Lekol (Kusiri): Direba, ƙara da cewa mu a nan ruwan sama yana ɗaukewa ne sannan na kogi ya iso. Logon da Shari a Oktoba zuwa farkon Nuwamba suke cika. A 2022 ba da damina tsaka unguwannin Waliya da Tukra na Njamena suka nutse ba, a Oktoba ne, mu ma unguwanninmu na bakin ruwa suka sha. Wanda zai tsallaka gadar Ngeli, wadda ta haɗa Kusiri da Njamena, a wannan lokacin ya riƙa tambaya kafin ya taso.

'Yar Ajans (Garwa): Sannunku. Ni tikiti nake yankawa, bari in faɗi abin da nake gani a kwamfuta ba tare da na ambaci farashi ba, don yau da gobe ba ɗaya ba ne. Ƙarshen Agusta zuwa wajen 10 ga Satumba jiragen da ke fita daga Duwala da Yawunde a cike suke, 'yan hutu suna komawa Turai, ɗalibai suna tafiya. Bayan nan farashi yakan sauka har ƙarshen wata. Daga wajen 10 ga Oktoba kujerun Addis Ababa zuwa Guwanzu sukan yi wuya, don ba mu kaɗai ba ne, 'yan kasuwar Afirka duka ta nan suke bi. Nuwamba bayan baje koli da sauƙi, har zuwa farkon Disamba. Saboda haka a tikiti, rabin Satumba na biyu da tsakiyar Nuwamba kusan kunnen doki ne. Abin da ya fi watan tasiri shi ne yaushe ka saya. Wanda ya zo min saura kwana biyar, kowane wata ne, zai ji a jikinsa.

Biza kuma a Yawunde ake yi, kuma ofishin jakadancinsu ma yana hutun farkon Oktoba. Mai son tafiya Nuwamba kada ya kai takardunsa a wannan makon. Ka duba fasfonka ya rage aƙalla wata shida, katin allurar rigakafin cutar shawara kuma yana ciki.

Mai Canji (Njamena): Kuna ta wata wata, ba wanda ya tambayi kuɗin. Sefa da Yuro take ɗaure, Yuro ɗaya sefa 655.957, ba ya motsi. Amma kuɗin jirgin ruwa da dala ake yanka shi, kaya kuma da kuɗin Sin. Ke nan in dala ta hau kan Yuro kaɗan tsakanin Satumba da Nuwamba, abin da ka tsira da shi a kuɗin ɗaki ya tafi ba ka gani ba. In ta sauka kuma ka ci riba kana kwance. Ba mai iya ce maka ga inda za ta. Ni abin da nake gaya wa mutanena, kada ka canza duka rana ɗaya, kuma kada ka bari sai makon tafiya, don gab da baje koli kowa dala yake nema a kasuwa.

Malamin Lekol (Kusiri): Mai Canji ya shigo talla.

Mai Canji (Njamena): Malam, ai ban ba da lamba ba.

Ɗalibi a Guwanzu: Gaisuwa ga manya. Ni ina nan garin ina karatu, ina kuma raka mutanenmu kasuwa in babu darasi. Akwai wata tsaka-tsakiya da ban ga an ambata ba. Baje kolin kashi uku ne. Na farko, 15 zuwa 19 ga Oktoba, kayan lantarki da injuna. Na biyu, 23 zuwa 27, kayan gida da na ado da na gini. Na uku, 31 ga Oktoba zuwa 4 ga Nuwamba, shi ne na tufafi da yadi da takalma da jakunkuna. Yaya Auta, in ka sauka ranar 2 ko 3 ga Nuwamba, dare biyu kawai za ka biya da tsada, ka shiga ka ga yayin da zai fito, ka karɓi katunan masana'antu don gaba, sannan ka shiga kasuwa da ido a buɗe lokacin da ɗaki ya sauko. Ka yi rajistar shiga ta intanet tun kana gida. Ranar ƙarshe ma wasu masu rumfa sukan sayar da samfurin da suka kawo don kada su koma da shi.

Abu ɗaya game da Nuwamba: ranar 11 ga wata ita ce babbar ranar sayayyar intanet a ƙasar nan. Kwanakin da ke kewaye da ita masu kai saƙo a cikin gari sun cika da aiki, kayan da ka saya daga wani gari za su iya makara kafin su iso sito. Ka gama odar da za ta zo daga nesa kafin ranar.

Hajiya Mai Leshi (Marwa): Ɗana, shawararka ta masu ilimi ce, amma ba ta gyara lissafina ba. Ta matso da shi mako ɗaya ne kawai.

Ɗalibi a Guwanzu: Haka ne Hajiya. Amma akwai kargon jirgin sama. Jakunkunan mata marasa nauyi, ya ɗebi na gwaji ya turo ta sama, ko ya cika nauyin da tikitinsa ya ba shi, su kama masa Disamba. Takalma masu nauyi su bi ruwa don Sallah.

Hajiya Mai Leshi (Marwa): Kilo nawa? Akwati biyu ba sa riƙe shago wata biyu. Kargon sama kuma a kan kilo ake biya, ya dace da mai waya da agogo, ba mai takalmi ba. Sannan ku tuna sabuwar shekararsu tana zuwa ƙarshen Janairu ko Fabrairu, masana'antu sukan rufe makonni. Wanda kayansa suka iso Fabrairu ya ga wani samfuri ya karɓu, ya buga waya a ƙaro, ba mai ɗauka. Na Satumba yana da Disamba da Janairu duka na sake oda.

Alhajin Kwantena (Njamena): Wannan ta ƙarshen na ba ki.

Inna Mai Goro (Ngaundere): Ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda masana sun taru. Ni ba Sin za ni ba. Umara nake so in kai mahaifiyata, ta manyanta, ga hawan jini. Ajans ɗaya ta ce Satumba ya fi araha. In bi?

Baban Zango (Marwa): 'Yata, araha ba ta ado a wannan wurin. Makka a Satumba tana wuce digiri 40 da rana. Cikin Harami da sauƙi, akwai sanyaya iska, farin dutsen da aka shimfiɗa a wurin ɗawafi ma ba ya ɗaukar zafi. Wahalar tana tsakanin masauki da masallaci, kuma masaukin mai araha shi ne mai nisa. Tsohuwa mai hawan jini ta yi wannan tafiyar sau biyar a rana cikin wannan rana? Za ta koma sallah a ɗaki, ke kuma ki ce kin kai ta Umara. Nuwamba zafin ya sauko wajen 35, Madina kuwa da dare har sai an nemi mayafi. Ki tafi farkon Nuwamba ko tsakiyarta, kafin Disamba, don lokacin hutun makarantu ne a ƙasashe da yawa, cunkoso da tsada duk su dawo. Abin da za ki ƙara a kan na Satumba, ki ɗauka kuɗin lafiyarta ne. In da hali ku hau jirgin ƙasan Haramaini tsakanin Makka da Madina, awa biyu da rabi ne, maimakon wuni a bas.

Mai Canji (Njamena): Riyal ma da dala yake ɗaure, 3.75. Inna, abin da na gaya wa Auta ya shafe ki.

Inna Mai Goro (Ngaundere): Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Nuwamba ke nan in sha Allahu.

Malamin Lekol (Kusiri): Ɗalibi, tunda an zo zancen ibada, da gaske ne kabarin Sa'adu bin Abi Waƙƙas yana garinku? Mutanenmu suna dawowa da hotuna.

Ɗalibi a Guwanzu: Akwai wurin da Musulmin nan suke danganta masa, da babban masallaci a gefensa, can yawancinmu muke Juma'a. Amma malaman tarihi sun ce a Baƙi'a ta Madina aka binne shi. Juma'ar wurin dai abin gani ce, ana cika har waje, ga masu gasa nama a bakin ƙofa. A Satumba in ba ka zo da wuri ba a waje za ka yi sallah, gumi har cikin ido.

Autan Kasuwa (Garwa): Na karanta duka sau biyu. Zuciyata tana wurin Hajiya, aljihuna yana wurin Alhaji. Bana dai ba yadda zan yi in haɗa kuɗin kafin 15 ga Satumba sai in na ci bashi, kuma ba na son tafiyar farko da kuɗin mutane. Zan bi ta Ɗalibi, in sauka farkon Nuwamba. Disamban bana zan cike ta da sarin Duwala kamar kullum.

Hajiya Mai Leshi (Marwa): Allah ya sa albarka. Amma ka ji sharaɗi: kada ka ba da oda a ɗinka maka komai, abin da ke ƙasa a shago shi za ka saya, a ɗaure a kai sito a ranar. Kuma kafin ka ba kowane mai haɗaka kayanka, ka tambaye shi ranar da kwantenarsa za ta rufe da sunan jirgin, ya rubuta maka. In ya ce "cikin makon nan in sha Allahu" ba rana, wuce na gaba. Baɗi kuma ka fara karɓar bashinka tun Yuli.

Alhajin Kwantena (Njamena): Tawa tana rufewa wajen 15 ga Nuwamba, amma Njamena za ta wuce kai tsaye da takardun tiransit, ba a buɗe ta a Garwa. Ka nemi mutanen garinku. Ka sa WeChat a wayarka tun kana gida, WhatsApp ba ya aiki a can sai da dabara.

Direban Tirela (Ngaundere): In kayan sun fito daga Duwala ka sanar da ni da wuri. Janairu da Fabrairu motocin da suka sauke auduga a kudu suna hawowa arewa, ana samun wuri da sauƙi. Katon nawa kake sa rai?

Autan Kasuwa (Garwa): Sai na ga farashi a can, Yaya. Zan turo maka awon da nauyin da zarar an ɗaure.

'Yar Ajans (Garwa): Auta, in 2 ga Nuwamba kake son sauka, kujerun wannan makon ba sa jira. Ka shigo ofis kafin ƙarshen watan nan da fasfon, mu duba ta Duwala da ta Njamena mu ga wadda ta fi.